Kasuwar Kurmi da Hanyar Fezzan: Yadda Sana'ar Gida Ta Gina Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce kasuwa "tana ci", kamar wata halitta mai rai. Wannan maƙala ta dubi abin da ya ciyar da Kasuwar Kurmi ta Kano har sunanta ya kai ƙasar Fezzan da ke kudancin Libiya, da abin da ya faru bayan kayan waje sun rinjayi na gida.

2.0 Tushen Kasuwar

Tarihi ya nuna an kafa Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ƙarfinta daga ƙauyukan da ke kewaye da birni ya fito. Manomi ya noma auduga da baba, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, sannan dillali ya sayar. Ke nan kuɗin riga guda sai sun ratsa gidaje da dama. Garin Kura, alal misali, ya yi suna wajen rinin turkuɗi.

3.0 Shaidar Matafiya

Fatake sukan taso daga Tarabulus, su bi ta garuruwan dabino irin su Zighan da Sabha, su yada zango a Murzuk. Ta Murzuk ɗin nan Hugh Clapperton ya bi kafin ya iso Kano a 1824. Ya lura cewa akan sa sunan dillali cikin rigar da aka sayar, idan mai saye ya tarar da aibi, ko ya yi nisa, sai a mayar da ita a karɓo kuɗi. Wato amana ce jarin kasuwar, domin an san mai kaya, an san gidansu.

Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Murzuk da Gat da Tarabulus da Timbuktu. Abin da ya fi burge shi shi ne, a cikin gidaje ake wannan sana'a, iyali suna ci daga gare ta ba tare da sun watse ba.

4.0 Sauyin Zamani

A 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus mamaya, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu. Ayarin raƙuma ya ja baya, yadin Ingila ya cika rumfuna, manoma suka karkata ga gyaɗa don fitarwa waje. Masaƙun zamani sun ɗan cike giɓin daga 1957 da aka buɗe ta farko a Kaduna, amma su ma yadin Sin mai araha ya durƙusar da yawancinsu. A 2007 masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

5.0 Kammalawa

Kano ba ta ƙi baƙo ba. Cinikin nesa ya ƙara mata arziki. Sai dai ta shiga cinikin ne da kayan hannunta. Kasuwannin mako irin su Wudil ranar Juma'a da Ɗambatta ranar Lahadi suna riƙe da wannan gado, inda manomi da makiyayi ke kawo abin da suka samar da kansu. Kuɗin da aka kashe a can, a cikin al'umma suke kwana.