Kwali: Garin Doya da Tukwane

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin a cikinmu, to ya riƙe wani yanki na tarihin Kwali, domin a bayanta ne aka sa hoton Ladi Kwali tana gina tukunya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ratse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, gaba da Gwagwalada, don su ga garin da ya haife ta.

Kwali garin Gwarawa ne. A zamanin Turawa yana ƙarƙashin masarautar Abuja ta dauri, wato Suleja ta yau, wadda Abu Ja, ɗan gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa a 1828. Arzikin garin a ƙasa yake. Maza su noma doya da dawa da masara, mata su kwaso amfani a kafaɗa, don a al'adarsu ba a ɗora wa kai kaya. Daga ƙasar dai mata ke haƙo yumɓu su gina tulu da randa. Ba tukunya ke juyawa ba, magina ce ke zagaya ta, sannan ta zana mata ƙadangare da kunama da hawainiya.

Irin waɗannan tukwane na Ladi ne Baturen nan Michael Cardew ya gani a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe, ita ce mace ta farko. Ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga shi kuwa ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1984.

Sai dai a ganinmu, abin da ya fi girgiza Kwali shi ne dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, ta kuma mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan filayensa. Gaskiya ne garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1996, birni kuma ya buɗe wa doyarsa kasuwa. To amma birnin da ke sayen doyar, shi ne ke neman gonar. Manomi ya gaji gona kaka da kakanni, shaidarsa kushewar iyayensa da dorawar da ke kan iyaka, sai baƙo ya zo da takarda mai hatimi da ma'auna fili.