Ina Ake Shiga Layin Gidan Gwamnati? (Zare)

1/ Satin da ya wuce dillali ya kawo wa Baba saƙon mai gida: an ƙara kuɗin hayar ɗaki biyu da muke ciki a Darmanawa, kuma na shekara ake so a dunƙule. Da daddare Baba ya miƙo min wayarsa ya ce, "Kai ɗan boko, duba mana inda talaka yake rubuta suna a ba shi gidan gwamnati."

2/ Na ce to Baba. Na zaci aikin minti goma ne. Wallahi kwana huɗu na yi ina tono, har laburaren makaranta na shiga. Abin da na gano shi ne irin layin da Baba yake nufi, na mai haya wanda ba shi da albashi, babu shi. Dalilin kuma yana cikin tarihi. Ku biyo ni.

3/ Mu fara da zamanin Turawa. Gidan da gwamnatin mulkin mallaka ta gina a Kano na ma'aikatanta ne: Turawa a Nassarawa, ƙananan ma'aikata a kwatas, kamar na 'yan jirgin ƙasa. Tun asali aiki ne yake ba ka gidan. Ranar da ka bar aiki, ranar za ka miƙa mukulli. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Bayan yaƙin basasa kuɗin mai ya shigo. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gida 202,000. Abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Garin Festac na Legas daga wannan zamanin ya fito.

5/ A 1977 aka mai da tsohon kamfanin lamunin gini da aka kafa tun 1956 ya zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ku lura da kalmar: lamuni. Ana ranta maka ka sayi gida, ana cira daga albashinka wata-wata. Tela irin Baba, wanda kuɗinsa sai Sallah ta matso yake kauri, daga ina za a cira?

6/ Sai Shagari a 1979. Shi ya fi kowa ɗaukar maganar gidan talaka da zafi: gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, lokacin jihohi 19 ne, ga Abuja. Kafin juyin mulkin ƙarshen 1983 abin da aka gina bai kai rubu'in alkawarin ba. Shagari Kwatas da muka sani a nan Kano daga shirin ta samo suna.

7/ Siyasa ma ta yi nata. Shagari ɗan NPN ne, jihohi da dama kuma na adawa, kamar Kano da ke hannun PRP ta Rimi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. A wurare da yawa a ƙasar nan an gina gidajen can bayan gari, ba hanya ba ruwa, suka daɗe ba kowa.

8/ Jiha ma ta gina nata. Duk ɗan Tarauni ya san Kundila, rukunin gidajen da aka sa wa sunan shahararren attajirin Kano na ƙarni na 19. Muna yara idan mun bi ta ciki, tituna a miƙe, gidaje a jere iri ɗaya, mu kam gani muke wata ƙasa ce daban.

9/ Na tambayi Kawu, tsohon ma'aikacin gwamnati, yadda ya samu nasa gidan a irin wannan rukunin. Ya ce fom ya cika a wurin aiki, shugabansa ya sa hannu, ya shiga a matsayin ɗan haya, daga baya aka sayar masa ana cira a albashi. Na ce Kawu, wanda ba ma'aikaci ba fa? Dariya kawai ya yi.

10/ Ba laifin Kawu ba ne, haƙƙinsa ya karɓa. Amma ga abin da hakan yake nufi: duk gidan gwamnati da aka sayar wa wanda ke ciki ya fita daga hannun gwamnati ke nan har abada. Zai zama gado, ko a sayar, ko a zuba 'yan haya a farashin kasuwa. Ba zai dawo ga mabuƙaci na gaba ba.

11/ A 1992, zamanin Babangida, aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bayan zubin wata shida za ka iya neman lamuni da ruwan kashi 6, biya har shekara 30. Mai sana'a ma zai iya zubi da kansa, amma sai ya nuna shaidar samun kuɗi a kai a kai. Da Baba ya ji "ruwa" sai ya ce in wuce gaba.

12/ Na wuce. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kwankwaso ta gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Gidaje masu kyau, ba musu. Amma na sayarwa ne, farashinsu miliyoyi, kuma da yawa sun yi shekaru a rufe. Mai neman ɗaki biyu ba shi aka yi wa lissafin ba.

13/ A ƙarshen 2021 gwamnatin Buhari ta buɗe shafin intanet na neman gidajen da ta gina a jihohi. Mai ɗaki ɗaya ya haura naira miliyan 7. Mafi ƙarancin albashi lokacin 30,000 ne. Ku buga lissafin: kusan shekara 20 ba ci ba sha. Shirin gidajen Tinubu na 2024 shi ma mallaka ce, ko ka biya a dunƙule ko a hankali.

14/ To yaya abin yake a waje? A Ingila ƙananan hukumomi suna da rajistar masu jiran gidan haya mai rahusa, iyalai sama da miliyan ɗaya ne a kai. Ana sa mutum gaba gwargwadon buƙatarsa: cunkoso, rashin lafiya, rashin matsuguni. A Amurka tun 1974 akwai shirin da mai ƙaramin ƙarfi yake biyan kusan kashi 30 na samunsa, gwamnati ta cika wa mai gida sauran.

15/ Ba aljanna ba ce fa. Mutane suna shekara da shekaru a layi, wasu biranen Amurka ma rufe rajistar suke yi saboda yawa. Ingila kuma tun 1980 da Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen, yawansu ya ragu ƙwarai, irin dai labarin Kawu. Amma can mai haya yana da ofishin da zai je, da lamba a layi, da ƙa'idar da zai riƙe.

16/ Mu a nan wa ya zaunar da talakan Kano? Awon igiya. Gonakin gefen gari aka yanka fuloti-fuloti, mai ɗan hali ya saya ya gina a hankali, ya ware ɗakuna ya sa 'yan haya. Haka unguwanni irin tamu suka cika. Shi ya sa ba na zagin mai gidanmu, shi ma da hayar yake cefane, siminti kuma kowa ya san inda ya kai.

17/ Na zauna na faɗa wa Baba duk wannan. Ya yi shiru can ya ce, "Wato dai sai mai albashi." Na ce ko mai kuɗi. Washegari ya sa babbar riga ya je wurin mai gida da kansa, ba ta hannun dillali ba, ya roƙi a raba kuɗin biyu. An amince. Umma ta ce za ta ɗauki adashinta a wata na biyar a cika.

18/ Shawara ga masu irin halinmu: duk wanda ya ce ku turo kuɗi a asusunsa zai saka sunanku a "jerin gidajen gwamnati", ku kama kanku. Ku je ofishin hukumar gidaje da ƙafarku, ku tambayi farashi da sharuɗɗa, kuma kar ku biya ko sisi ba rasit.

19/ Idan 'yan takara sun zo da alkawarin gida dubu kaza, ni tambayoyina uku ne: nawa ne na haya, waye ya cancanta, kuma a ina ake rubuta suna? Iyayenmu da suka ga rabon gidajen Kundila ko Shagari Kwatas da idonsu, don Allah ku ba mu labari a ƙasa. Ina so in yi aikin kammala digirina a kai.