Ƙidaya da Tarihi: Yadda Jinsin Jama'ar Gundumar Forsyth Ya Sauya, 1832–2020

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda jinsin jama'ar wata gunduma guda a ƙasar Amurka ya yi ta sauyawa cikin shekara kusan ɗari biyu, da kuma abin da ya haddasa sauyin. Gundumar ita ce Forsyth, ɗaya daga cikin gundumomi 159 na jihar Jojiya. Babban garinta shi ne Cumming, kimanin mil 40 arewa da birnin Atlanta.

Tun 1790 Amurka take ƙidayar mutanenta duk bayan shekara goma, tana kuma rarrabe su bisa launi da asali. Wannan ya sa manazarci yakan sami alƙaluma a jere ba tare da wahala ba. Amma fa alƙaluma ba sa faɗin dalili. A ƙidayar 1990 an sami mutum 44,083 a Forsyth, baƙar fata a cikinsu 14 kacal, alhali kuwa a jihar baki ɗaya baƙar fata sun haura kashi ɗaya bisa huɗu. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi kaɗai zai iya zaton ko can dama ƙasar Turawa ce zalla. Ba haka ba ne. Sau biyu aka share wata al'umma daga wannan ƙasa, na farko da doka, na biyu da wuta da bindiga.

Ƙasar Ceroki

Kafin 1832 babu wata gunduma mai suna Forsyth. Ƙasar ta Ceroki ce, watau ɗaya daga cikin ƙabilun da muka saba kira Jajayen Indiyawa. Ya kamata mu lura cewa tun a wancan zamani jama'ar wurin a gauraye take. Akwai attajiran Ceroki da suka mallaki bayi baƙar fata, kamar James Vann, wanda yake da mashigin fito a kogin Chattahoochee, kuma a wannan yanki aka kashe shi a 1809. Ashe ke nan baƙar fata sun riga yawancin Turawa zama a wurin.

Abin da ya jawo wa Ceroki masifa shi ne zinariyar da aka gano a arewacin Jojiya wajen 1828 zuwa 1829. A 1830 majalisar Amurka ta zartar da dokar kwashe Jajayen Indiyawa zuwa yamma da kogin Misisipi. Jihar Jojiya ba ta jira an kwashe su ba, sai ta aika masu awo suka yanka ƙasar, filaye masu eka 40 a yankin zinariya, masu eka 160 a sauran, aka raba wa Turawa ta hanyar jefa ƙuri'a a 1832. A watan Disamba na wannan shekara aka kafa gundumar, aka sa mata sunan John Forsyth, tsohon gwamnan jihar. A 1838 soja suka tasa ragowar Ceroki gaba zuwa ƙasar da a yau ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya.

Shekarar 1912

Forsyth ƙasar tuddai ce, ba ta da manyan gandayen auduga irin na kudancin jihar, saboda haka bayi ba su yi yawa a cikinta ba. Duk da haka, bayan an hana bauta a 1865 'yantattun bayi da zuriyarsu suka ci gaba da zama. Ƙidayar 1910 ta nuna baƙar fata 1,098 a cikin jama'a kusan 12,000, watau kimanin ɗaya cikin goma. Yawancinsu noman raba-daidai suke yi a gonakin Turawa, ko ƙodago, amma akwai waɗanda suka sayi gonakin kansu, suna da majami'u da makarantu.

A farkon Satumba 1912 aka tsinci wata yarinya Baturiya mai shekara 18, Mae Crow, a cikin daji kusa da ƙauyen Oscarville, an yi mata mugun duka. Ta rasu bayan mako biyu. Aka kama wani yaro baƙar fata mai shekara 16, Ernest Knox, wanda ya amsa laifi bayan an tsorata shi da rataya. Ran 10 ga wata taron jama'a suka fasa kurkukun Cumming, suka fito da wani da aka kama a kan wannan zargi, Rob Edwards, suka kashe shi, suka rataye gawar a tsakiyar gari. Ba a hukunta kowa ba a kan wannan. Shi kuwa Knox, da wani saurayi Oscar Daniel, aka yi musu shari'a ƙarƙashin gadin soja, masu taya alƙali yanke hukunci duka Turawa, aka rataye su ran 25 ga Oktoba a gaban dubban 'yan kallo.

To, da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan irin wannan ta'asa da aka yi a kudancin Amurka. Abin da ya bambanta Forsyth shi ne abin da ya biyo baya. Mutane suka riƙa fita da dare bisa dawakai, suna bin gidajen baƙar fata, suna ba su wa'adin kwana ɗaya su tashi. Aka ƙona majami'u, aka harbi gidaje, aka sa wa wasu nakiya, aka kashe dabbobi. Turawan da suka so su riƙe ma'aikatansu, su ma aka yi musu barazana. Lokacin kuwa kaka ce, amfanin gona yana tsaye. Kafin shekara ta ƙare kusan kowa ya gudu. Ƙidayar 1920 ta sami baƙar fata 30, ta 1930 kuma 17.

Wani zai iya cewa ai a wannan zamani ne baƙar fata suka fara ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa irin su Chicago da Detroit, don haka raguwar ba abin mamaki ba ce. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Waccan ƙaura ba ta kankama ba sai wajen 1916, kuma ba ta share gunduma ƙaf cikin wata uku. Bugu da ƙari, ga gundumar Hall, maƙwabciyar Forsyth ta gabas, kogi ne kawai ya raba su. Can ma 'yan sumamen dare sun taɓa, amma hukuma ta kama wasunsu ta gurfanar da su, abin ya mutu, baƙar fata suka ci gaba da zama a garin Gainesville, har da yawa daga cikin waɗanda aka koro daga Forsyth suka sami mafaka a can. A ganina wannan kwatanci ya isa ya nuna cewa bambancin yana ga hukuma, wadda a Hall ta tashi tsaye, a Forsyth kuwa ta kau da kai.

Batun gonaki shi ne wanda har yanzu bai mutu ba. Wasu masu gonaki sun sayar cikin gaggawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wasu ko sayarwar ba su samu yi ba. Dokar Jojiya kuwa ta yarda wanda ya zauna a fili a bainar jama'a, ba wanda ya yi masa jayayya, ya mallake shi bayan shekara bakwai in yana da wata takarda a hannu, ko shekara ashirin in babu. Mai gonar da ba shi da halin taka ƙafarsa cikin gundumar, ina zai yi jayayya? Ta haka filaye suka koma hannun maƙwabta, takardu kuma suka fita tsaf. Patrick Phillips, wanda a Forsyth ya tashi, ya bi diddigin wasu daga cikin waɗannan filaye a littafinsa Blood at the Root na 2016.

Daga 1987 zuwa 2020

Shekara 75 gundumar ta yi a haka. Ran 17 ga Janairu 1987 Hosea Williams, tsohon abokin gwagwarmayar Martin Luther King, ya jagoranci wani ɗan ƙaramin jerin gwano, mutanen ba su kai ɗari ba. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan da magoya bayansu suka tare su da jifa da duwatsu da kwalabe. Bayan mako guda, ran 24 ga wata, mutum kimanin 20,000 suka komo Cumming da rakiyar soja da 'yan sanda, cikinsu har da Coretta Scott King da Andrew Young, magajin garin Atlanta na lokacin. An kafa kwamiti na baƙi da farare don ya duba al'amarin, amma suka kasa daidaitawa a kan diyyar filaye, kowane ɓangare ya rubuta nasa rahoto. Ba a biya kowa ba.

Abin da jerin gwano bai canza ba, hanya da kasuwar gidaje suka canza shi. Tun 1956 madatsar ruwa ta Buford ta haifar da tafkin Lanier a gabashin gundumar, daga baya kuma babbar hanya mai lamba 400 ta haɗa Cumming da Atlanta. Gonaki suka zama unguwannin masu hali da ke aiki a birni. Jama'a ta tashi daga 44,083 a 1990 zuwa 98,407 a 2000, zuwa 175,511 a 2010, zuwa 251,283 a 2020. Ma'aikata daga Meziko da maƙwabtanta suka shigo aikin gine-gine da masana'antar kaji. Bayansu kuma ga ƙwararru a aikin kwamfuta da likitanci daga Asiya, galibinsu daga Indiya, waɗanda kyawun makarantun gundumar ya jawo. A nan sai a kiyaye, kada a haɗa Indiyawan nan da Jajayen Indiyawan da aka kora a 1838, suna ne kawai ya zo ɗaya.

A ƙidayar 2020 Turawa sun koma kimanin kashi 63 cikin ɗari, 'yan asalin Asiya kimanin 18, masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci kimanin 10. Baƙar fata kuwa kimanin kashi 4 ne. Watau a adadi sun ninka na 1910 sau da yawa, amma a kaso ba su kai rabin abin da suke kafin korar ba, a jihar da kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanenta baƙar fata ne. A Janairu 2021 aka kafa allo a tsakiyar Cumming mai ɗauke da sunan Rob Edwards da bayanin yadda aka kashe shi, shekara 108 da 'yan watanni bayan aukuwar abin.