Wace ce Amandine Gay, wadda ta bar fitowa a fim ta koma shirya shi?

Amandine Gay 'yar ƙasar Faransa ce, mai shirya finafinai, marubuciya kuma 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin mata baƙar fata. An fi saninta da fim ɗinta na farko, Ouvrir la voix, wanda ya shiga gidajen sinima na Faransa a watan Oktoba na 2017. Masu jin Faransanci za su gane wasan da ke cikin sunan: voix, wato murya, da voie, wato hanya, lafazinsu ɗaya ne.

Tasowarta

An haife ta a Faransa a 1984 a ƙarƙashin tsarin da ake kira "sous X", inda doka ta ba uwa damar ta haihu ba tare da an rubuta sunanta ba. Wasu ma'aurata fararen fata ne suka ɗauke ta, ta girma a yankin Lyon. Wannan ba irin riƙon da muka sani ba ne, inda yaro ke hannun gwaggo ko kawu amma kowa ya san iyayensa. A can ɗan riƙo yana ɗaukar sunan gidan da ya shiga, a takarda kuma ya rabu da asalinsa.

Ta yi karatu a makarantar kimiyyar siyasa ta Lyon, sannan ta koyi wasan kwaikwayo a Paris. A nan ta ci karo da abin da ya sauya mata hanya. Kamar yadda ta sha faɗa a hirarraki, rawar da ake kiranta ta taka ba ta wuce ta karuwa, ko mai shan ƙwaya, ko baƙuwar haure marar takardu, kuma sau da yawa sai a nemi ta karya harshe ta yi magana "irin ta 'yan Afirka", alhali a Faransa aka haife ta. Sai ta gane cewa 'yar wasa ba ta da ta cewa a wannan sha'ani. Mai rubuta labari da mai zuba kuɗi su ke yanke yadda baƙar mace za ta fito.

Fim ɗin Ouvrir la voix

Fim ne na gaskiya, ba ƙagaggen labari ba, tsawonsa kimanin awa biyu. Mata 24 baƙar fata daga Faransa da Beljiyam ne ke magana a cikinsa. Suna ba da labarin ranar da aka fara nuna musu cewa su baƙaƙe ne, yadda mutane ke kai hannu su taɓa musu gashi ba izini, yadda malaman makaranta ke tura su sashen koyon sana'a ko da suna da ƙoƙari, da batun addini, aure, ciwon damuwa, har da tambayar da ke damun da yawansu: a zauna a Faransa ko a bar ta?

Abin da ya bambanta fim ɗin shi ne yadda aka ɗauke shi. Kyamara tana kusa da fuskar mai magana, da hasken rana. Babu wani farfesa ko masani da ake sakowa don ya fassara wa mai kallo abin da matan ke nufi. A ganina nan ne ƙarfinsa yake. A talabijin ɗin Faransa, wanda tashoshinsa ke shigowa gidajenmu a Yamai da Njamena da Garwa, an saba a nuna baƙar mace a matsayin matsala, sannan a gayyato wani ya yi sharhi a kanta. Gay ta cire mai sharhin. Wanda ya saba da fim mai gudu zai iya ƙosawa, don zama ne na sauraro, kuma haƙurin da fim ɗin ke nema ke nan.

Batun kuɗi

A Faransa hukumar CNC ce ginshiƙin tallafa wa finafinai, da kuɗin da ake cira daga tikitin sinima da kuma tashoshin talabijin. Hukumar ba ta ba wannan fim tallafi ba. Gay da abokin aikinta Enrico Bartolucci sun yi shi da aljihunsu, suka ƙarasa da gudummawar jama'a ta shafin Kickstarter. Kafin fim ɗin ya fito ma ta riga ta ƙaura zuwa Montréal a Kanada a 2015.

Akwai wani abu da ke ƙara wahalar wannan muhawara a Faransa. Dokar 1978 ta taƙaita tattara bayanai kan launin fata ko ƙabila, ƙidayar jama'a kuma ba ta tambayar su. Wanda ya ce ana nuna wariya a fim, da wuya ya kawo alƙaluma, don haka shaidar baki irin ta matan nan 24 take da nauyi.

Ba ita kaɗai ba

A 2018 'yar wasa Aïssa Maïga ta haɗa 'yan wasa mata 16 suka fitar da littafin Noire n'est pas mon métier, suka kuma hau matakalar bikin Cannes tare a watan Mayu na shekarar. A 2019 Mati Diop ta zama baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar Cannes, bikin da aka fara tun 1946, kuma Atlantique ya ci kyautar Grand Prix. A 2022 Alice Diop ta ci babbar kyautar alƙalai a Venise da Saint Omer. Kafin su duka akwai Euzhan Palcy 'yar Martinique, wadda ta ci César a 1984 da Rue Cases-Nègres. Nisan da ke tsakanin 1984 da 2019 ya isa nuna yadda ƙofar take a rufe.

Ayyukanta na baya

A 2018 Gay ta ƙirƙiro watan tunawa da 'ya'yan riƙo, Mois des Adopté·es. Fim ɗinta na biyu, Une histoire à soi, ya fito a 2021. Ya bi rayuwar mutum biyar da aka ɗauko suna yara daga Barazil, Siri Lanka, Ruwanda, Koriya ta Kudu da Ostireliya aka rene su a Faransa, kuma an gina shi ne da hotuna da bidiyon da iyalansu suka ajiye. A shekarar ce kuma ta fitar da littafinta Une poupée en chocolat a kamfanin ɗab'i na La Découverte, inda ta haɗa tarihin rayuwarta da bincike kan wane ne ke ba da ɗa, wane ne ke karɓa, da dalilin da ya sa yaran ke tafiya daga ƙasashe matalauta zuwa masu arziki.