Bazazzagin da Aka Haifa a Abuja

Tun muna yara kakarmu take cewa mu Zage-zagi ne. Ba wanda ya taɓa tambayarta wace unguwa a Zariya, domin a gidanmu ba a bin diddigin maganar tsohuwa. Sai bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙan ta, aka jawo akwatin ƙarfen mijinta daga ƙarƙashin gado. A ciki muka tarar da rasiɗan haraji uku da takardar ɗaukar aiki, an naɗe su cikin ƙyallen atamfa. Sun yi jawur don tsufa, linki ya fara cin rubutun. A gurbin garin haihuwa kalma ɗaya ce: Abuja. Takardun kuwa na zamanin Turawa ne, tun ba a yi mafarkin gina babban birnin tarayya ba.

Nan fa kan gida ya rabu. Ɗan yayana, mai tattara mana sunayen dangi a kwamfuta, bai yi wata-wata ba ya rubuta "Abuja, Babban Birnin Tarayya". Baffanmu ya ce atafau magatakarda ne ya yi kuskure. Ya shirya takanas ya tafi Zariya, ya kwana biyu yana tambayar dattawan cikin Birni, ya dawo ba wanda ya san gidanmu. Ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda a ce tsohuwa ta yi ƙarya, ta kuma ƙi yarda takarda huɗu su taru a kan kuskure ɗaya.

Hirarrakin kaka ne suka ba ni bakin zaren. In tana labarin ƙuruciya, ba ta taɓa ambaton Kufena ko Kubanni ba, alhali duk ɗan Zariya da su yake buɗe baki. Ita Dutsen Zuma take kira, da rafin Iku inda suke wanki, da matan Gwari masu shigowa kasuwa da tukwane a kafaɗa, ba a ka ba. Wannan ƙasa ba ta Zariya ba ce. Suleja ce, a Jihar Neja.

Da na koma ga tarihi, sai komai ya zauna daram. A lokacin jihadi, farkon ƙarni na 19, Malam Musa ya ci Zariya. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fice da jama'arsa ya yi kudu, zuwa Zuba a ƙasar Koro. Bai taɓa sauke sunan sarautarsa ba har aka kashe shi a yaƙi wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ci sunansa. Mutanen da suka biyo Makau sun bar ganuwar Zariya a baya, amma sun taho da sunan Zazzau, suka gadar wa 'ya'ya da jikoki. Har gobe Sarkin Zazzau ake kiran mai sarautar garin. Ashe kaka gaskiyarta, magatakarda ma gaskiyarsa. Kakanmu Bazazzagi ne, a Abuja aka haife shi.

Sauran ɗaurin kan daga baya ya zo. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe yankin sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi. Tsohon garin ya faɗa cikin Jihar Neja, aka sake masa suna Suleja don girmama sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado tun 1944. Ba gari ne ya tashi ba, suna ne ya yi hijira, ya sauka a maƙwabta. Da gwamnati ta tare a sabon birnin a Disamba 1991, sai sabuwar Abuja ta shafe tsohuwar a bakin mutane. Ko Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20, in aka ce ta yi aiki a makarantar tukwane ta Abuja wadda Michael Cardew ya buɗe, da yawa birnin tarayya suke hangowa, alhali a Suleja wurin yake.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ɗan yayana ya so yi da ya gane. Cewa ya yi bari ya goge Abuja ya sa Suleja. Na riƙe hannunsa. Kakanmu bai taɓa jin kalmar Suleja ba a ƙuruciyarsa, kuma babu wani kundin haraji na zamaninsa da ke ɗauke da ita. Jikanmu da zai je gidan adana tarihi na Kaduna wata rana, in ya nemi Suleja a takardun En'e zai dawo hannu rabbana. Abuja zai nema, a ƙarƙashin Lardin Neja. Haka wanda kakansa ya bi hanyar ƙasa zuwa Makka zai ga Fort Lamy a takardu, domin sai 1973 aka mayar da ita Njamena. A ganina sunan da takarda ta faɗa amana ne, a bar shi yadda yake tare da zamaninsa, sunan yau kuma ya zo a gefe ya nuna wa mai tafiya motar da zai hau.

Muka zauna ni da ɗan yayana bayan Magariba, ƙyallen atamfar a shimfiɗe tsakaninmu. Ya rubuta: "An haife shi a Abuja, Lardin Neja, garin ne ake kira Suleja yanzu, a Jihar Neja." Baffa ya karɓa ya karanta sau biyu, ya ce a ƙara "Bazazzagi", don haka gyatumarsa take faɗa. Aka ƙara. Sannan ya tambaye ni daga wace tasha ake samun motar Suleja.