Dandali da gefen dandali: matsayin ɗan kama a tarihin teyatur a ƙasar Magarya

In ana tarihin teyatur na Hausa a Nijar, akan fara ne daga samariya, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, da kuma bukin matasa na ƙasa da aka buɗe a Damagaram a 1976. A tsarin bukin, ƙungiyoyi sukan yi gasa mataki-mataki, daga gunduma zuwa jaha, har matakin ƙasa. Ƙasar Magarya, wadda Dungas ke cikinta har 2011, ta bi wannan hanya.

Muna ganin wannan tsari ya tace abin da tarihi ya adana. Gasa tana neman ƙungiya, da labari mai darasi kan ci-gaban ƙasa. Shi kuwa ɗan kama shi kaɗai yake wasa, a kasuwa ko wurin buki, yana kwaikwayon karatun malamai, yana cusa sunayen abinci a muhallin kalmomin Larabci. Ladarsa daga hannun ƴan kallo take fitowa.

A Faransa, wasannin gefen bukin Abinyo, da André Benedetto ya soma a 1966, sun sami suna da masu nazari. Namu gefen bai sami haka ba. Littafin Janet Beik na 1987 ma kan ƙungiyoyi ya fi tsayawa.

Ga mai nazarin harshe, asarar babba ce, domin a bakin ɗan kama ake jin yadda kunnen Bahaushe ke sarrafa sautin Larabci. Ya kamata a naɗi muryoyinsu tun tsofaffinsu suna raye.