Faifan Tropicália na 1968 da Rikicin Asali a Birazil

A watan Yuli na 1967, wasu fitattun mawaƙan Birazil da magoya bayansu suka yi jerin gwano a titunan birnin Sao Paulo don nuna ƙin amincewarsu da jita mai aiki da lantarki. A ganinsu wannan jita 'yar aiken Amurka ce, kuma shigarta cikin kiɗan ƙasar zai gurɓata samba da sauran kaɗe-kaɗen gado. Don mu fahimci zafin lamarin, sai mun tuna cewa sojoji sun hamɓarar da gwamnatin João Goulart a 1964 tare da goyon bayan Amurka. Saboda haka ɗalibai da masu ra'ayin sauyi suka ɗauki kare kiɗan gida a matsayin wani fage na yaƙi da mulkin soja. Cikin masu jerin gwanon har da wani matashi ɗan jihar Bahiya, Gilberto Gil.

Bayan wata uku kacal, Gil ɗin nan ya hau dandalin gasar waƙa ta gidan talabijin na Record tare da Os Mutantes, matasa uku masu kiɗan rok da jitar lantarki, ya zo na biyu. Abokinsa Caetano Veloso, shi ma ɗan Bahiya, ya zo na huɗu, 'yan rok daga Ajantina suna yi masa kiɗa. Daga nan aka ja daga.

A watan Mayu na 1968 suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Sao Paulo, aka fitar da faifan a watan Yuli da sunan Tropicália ou Panis et Circencis. Kashin farko na sunan an aro shi daga wani aikin fasaha na Hélio Oiticica na 1967. Kashi na biyu kuwa tsohon zancen Rumawa ne game da masu mulkin da ke lallashin talakawa da burodi da wasanni. Aikin na taron dangi ne: ban da Gil da Caetano da Os Mutantes, akwai Gal Costa da Nara Leão da Tom Zé, da marubuta waƙa Torquato Neto da Capinan, sai Rogério Duprat, masanin kiɗan Turai wanda ya tsara sautin. A hoton bangon faifan sun jeru kamar iyalin gidan mutunci, Duprat yana riƙe da fo kamar mai shan shayi.

Waƙoƙi 12 ne a ciki, kuma a nan ya kamata mu dakata. Mai sauraro zai ji rok, ya ji bolero, ya ji kiɗan Kuba, ya ji amon gangunan addinin gargajiyar da bayi suka kawo daga Afirka, ya ji garayar makaɗan fadar Turai, wani lokaci duk a cikin waƙa guda. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne "Coração Materno", tsohuwar waƙar Vicente Celestino wadda 'yan boko suke yi wa kallon ƙauyanci. Labarin wani saurayi ne da ya ciro zuciyar mahaifiyarsa don ya faranta wa budurwa. Caetano ya rera ta a natse, ba da sigar ba'a ba, har mai ji ya rasa inda zai tsaya: dariya zai yi ko tausayi? A ganinmu nan ne ƙarfin faifan yake. Masu tsaron asali sun tace wa kansu Birazil ɗin da suke so, faifan kuma ya dawo musu da abin da suka zubar, wato abin da talaka yake ji a rediyonsa. Aka rufe da taken cocin Bonfim na birnin Salvador, ƙarar igwa tana haɗiye muryoyin a ƙarshe.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1928 marubuci Oswald de Andrade ya yi kira da Birazil ta haɗiye al'adun baƙi ta narkar da su, kamar yadda aka ce wasu ƙabilun ƙasar sun yi da abokan gaba. Bahiya kanta, inda aka sauke bayi Yarbawa da Hausawa a farkon ƙarni na 19, ta daɗe da sanin cuɗanya.

Martani ya zo ta fuska biyu. A watan Satumba na 1968, ɗalibai suka yi wa Caetano ihu da jifa a wata gasa a Sao Paulo, shi kuma ya tsaya ya yi musu tatas daga kan dandali. Su sojoji, da wuya a ce sun fahimci habaicin waƙoƙin, amma tufafin da gashin da rashin kunyar sun ishe su hujja. Ranar 13 ga Disamba gwamnati ta kafa Doka ta Biyar, wadda ta rufe majalisa ta ba da damar tsare mutum ba shari'a. Ranar 27 ga watan aka kama Gil da Caetano, aka aske musu kai a barikin soja a Rio de Janeiro. Bayan kusan wata biyu aka mayar da su Salvador ƙarƙashin sa ido, sannan a watan Yuli na 1969 suka tafi gudun hijira Landan. Ba su dawo ba sai 1972, shekarar da Torquato Neto ya kashe kansa.

Tafiyar a matsayin ƙungiya ba ta kai shekara biyu ba. Gil ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, abin da ya gani kuma ya haifar da faifansa Refavela a wannan shekara. Mulkin soja ya ƙare a 1985, kuma daga 2003 zuwa 2008 mutumin da aka aske a bariki shi ne Ministan Al'adu na Birazil.